Nauyin kaya ko zaƙin murya: Lissafin da makaɗi ke yi kafin ya zaɓi abin kiɗa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, ya kuma zuba ido a kan makaɗan da ke cikin tawagar Sarkin Kano, zai lura cewa ba tafiya iri ɗaya suke yi ba. Masu tambura suna can bisa raƙuma, masu kakaki da algaita galibi a kan dawakai, masu kalangu da ganguna kuwa da ƙafa suke ratsa ƙura, kayansu rataye a kafaɗa. Mai kallo zai iya ɗauka cewa tsarin sarauta ne kaɗai ya raba su haka. Lallai akwai wannan, amma akwai wani dalili da ya fi shi sauƙin ganewa, wato nauyi. Kowane abin kiɗa yana da muryar da ake so ya fitar, yana kuma da nauyin da jikin ɗan Adam zai iya jurewa tun daga hantsi har faɗuwar rana. A tsakanin waɗannan biyu makaɗi yake yin lissafinsa.

Lissafin bai tsaya a ƙasar Hausa ba. A Amurka akwai wata irin jita da makaɗanta suka shafe shekaru suna jayayya a kan wannan batu, har ya zama kusan ba a zancen sayen ta sai an tambayi kilo nawa ce. Idan aka jera labarinta da na tambari da kalangu da kuntigi, za a ga abin da nauyi ke ƙara wa murya, da kuma inda yake zama wahala kawai.

Jitar da ake kaɗawa da hannu da ƙafa da gwiwa

Jita mai feda ba a rungumarta a ƙirji. Tana tsaye ne a kan ƙafafu huɗu kamar ƙaramin tebur, wayoyinta suna kallon sama, makaɗi kuma yana zaune a gabanta kamar tela a gaban keken ɗinki. Hannun dama yana tsinkar wayoyin, na hagu yana gogar su da wani ɗan sandan ƙarfe mai santsi. A ƙasa akwai fedoji da ake takawa, da wasu 'yan ƙarafa da ake turawa da gwiwa. Kowannensu yana ɗaure wata waya ko ya sassauta ta, sai murya ta hau ko ta sauka ba tare da ta yanke ba. Wannan ne ya sa sautinta yake kama da kukan mutum.

Asalin salon daga tsibirin Hawai yake, inda ake danganta shi da wani matashi mai suna Joseph Kekuku a ƙarshen shekarun 1880. Daga baya aka saka mata lantarki, aka kuma ƙara fedoji. Waƙar Slowly ta Webb Pierce, wadda ta yi tashe a 1954, ita ce ta sauya tarihinta, domin a cikinta ne makaɗi Bud Isaacs ya taka feda alhali wayoyi suna cikin amo, jama'a suka ji muryar tana lanƙwasa. Tun daga nan ta zama ginshiƙi a kiɗan karkarar Amurka, irin wanda gidajen rediyon Arewa suka daɗe suna sakawa da muryar Don Williams.

Nijeriya ma ta san ta. King Sunny Ade ya shigar da ita cikin kiɗan juju a shekarun 1970, kuma Demola Adepoju ne ya yi fice da ita a ƙungiyarsa. Ana jin ta a faifan Juju Music na 1982, wanda ya kai kiɗan juju kasuwannin Turai da Amurka, sannan Adepoju ya kaɗa ta a waƙar Graceland ta Paul Simon a 1986. Ba abin mamaki ba ne da ta zauna daram a kiɗan Yarabawa. Harshensu, kamar Hausa, yana bambance ma'ana ta hawa da saukar murya, kuma kunnen da ya saba da gangar da ke magana ba zai ɗauki jitar da ke lanƙwasa murya a matsayin baƙuwa ba.

Matsalarta ɗaya ce: nauyi. Cikakkiyar jitar ƙwararru tana da wuya biyu, kowanne da wayoyi 10, ga fedoji takwas, ga ƙarafan gwiwa, ga tarin sanduna da ƙusoshi a ƙarƙashinta. Idan aka saka tsohuwar ƙira a cikin akwatinta, takan kai tsakanin kilo 30 zuwa 40. Tsohuwar na'urar ƙara sauti da ake haɗa ta da ita, irin Fender Twin Reverb, ita ma tana kusan kilo 30. Ɗan kasuwar da ya saba bin jirgi zuwa Dubai ko Jidda ya san cewa kilo 23 ne iyakar jaka ɗaya a yawancin kamfanoni, kuma da wuya a karɓi wadda ta haura 32. Makaɗin da ya manyanta, wanda zai hau bene da wannan kaya da tsakar dare, ɗaukar Dala ba gammo ce ke gabansa.

Abin da nauyi yake saye

Masu kare tsohuwar ƙira suna da hujja. Duk abin kiɗa ya kasu gida biyu: ɓangaren da ke kaɗawa, kamar fata ko waya ko iskar da ke cikin bututu, da ɓangaren da ke riƙe shi, kamar kangon ganga ko gangar jikin jita. Ƙarfin da makaɗi ya zuba a bugu ɗaya yana da iyaka. Idan mariƙin ya yi sako-sako, sai ya riƙa rawa tare da wayar, ya tsotse ƙarfinta, amon ya mutu da wuri. Idan kuwa mariƙin yana da tauri da nauyi, ƙarfin zai zauna a cikin wayar, ta daɗe tana kaɗawa.

A jita mai feda, maganaɗisu ne ke ɗaukar motsin waya ya miƙa shi ga lasifika, saboda haka ba a buƙatar jikinta ya tura iska. Abin da ake so shi ne amo ya daɗe, domin makaɗi ya samu zarafin lanƙwasa shi. Bugu da ƙari, wayoyi 10 da ke wuya ɗaya suna jan jikin da ƙarfin da ya haura kilo 100. Duk lokacin da aka taka feda, jan yana ƙaruwa, kuma idan jikin ba shi da ƙwari sai ya ɗan ranƙwafa, sauran wayoyin su sassauta, murya ta goce. Dalili ke nan da ya sa maƙeran farko suka yi amfani da katako mai tauri da ƙarfe mai kauri.

Sai dai tauri daban, nauyi daban. Ana iya samun abu mai tauri marar nauyi, kamar yadda gora take da ƙwari alhali cikinta rami ne. Maƙeran baya-bayan nan sun rage kaurin ƙarafa a wuraren da ba sa ɗauke da ja, sun yawaita alminiyam, har kamfanin MSA ya fitar da samfurin Millennium mai jiki na zaren kabon. Na'urorin ƙara sauti su ma sun koma 'yan ƙanana da ake ɗauka da hannu ɗaya.

Misalin da ya fi fito da darasin shi ne na Lloyd Green, wanda ya kaɗa jita a faya-fayan Don Williams. Da ya duba ayyukan da yake yi a ɗakunan naɗar sauti na birnin Nashville, sai ya ga kusan kullum wuya ɗaya yake amfani da shi. Ya sa aka cire wuya na biyu da duk ƙarafansa, aka shimfiɗa matashin ɗora hannu a gurbinsa, amma aka bar faɗin jikin yadda yake. Kayan da aka cire sun kai kimanin kilo 8. Daga nan kamfanin Sho-Bud ya fitar da samfurin LDG a 1973. Green ya bar nauyin da ke riƙe murya, ya jefar da wanda ba ya yi masa aiki.

Tambari da kakaki: nauyin da dabba ke ɗauka

Makaɗan Kano sun riga sun warware irin wannan lissafi tun ƙarnuka da dama. Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438, wani basarake mai suna Dagaci ya zo daga Barno da gangunan da ake kaɗawa a kan doki. Ya kuma lissafa kakaki a cikin abubuwan da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya fara amfani da su. Tun farkon zuwansu, ke nan, an haɗa kayan kiɗan sarauta da abin hawa.

Tambari ba ya karɓar ragi. Kakkaurar murya tana buƙatar faffaɗar fata da babban ciki mai ɗauke da iska, kuma irin wannan murya ce take tafiya nesa, tana zagaye katangu da gidaje, alhali siririya takan tsaya a hanya. Faffaɗar fatar sa idan aka ɗaure ta tamau tana jan baki da ƙarfi, don haka dole kangon ya yi kauri. Aikin tambari shi ne ya sanar da gari abin da ya faru a fada, kamar naɗin sabon sarki ko shigowar Sallah. Wanda ya ƙanƙance shi domin sauƙin ɗauka ya raba shi da aikinsa. Saboda haka aka bar masa nauyinsa, aka ajiye shi a wuri ɗaya, ranar hawa kuma aka ɗora wa raƙumi.

Kakaki kuwa lissafinsa ya sha bamban. Abin da ke kaɗawa a cikinsa iska ce, kuma tsawon bututun ne ke yanke hukunci a kan kaurin muryar. Ƙarfen jikin ganuwa ce kawai da ke tsare iskar. Shi ya sa maƙera suka iya komawa daga tagulla zuwa fallen garwar kananzir ba tare da kakaki ya rasa kamanninsa a kunne ba. Ragin ya yi wa mabushi rana, domin abin da ya haura mita biyu, aka kuma riƙe shi daga gefe ɗaya aka ɗaga bakinsa sama, ko ɗan nauyi kaɗan ne a can ƙarshensa sai ya ninka a damtse. Ana kuma ƙera shi gaɓa-gaɓa, a zare a haɗa, domin ya shiga jaka. Inda tagulla ta fi falle shi ne ƙarko da kwarjini, domin falle yana saurin lotsewa da tsatsa.

Kalangu: inda kafaɗa ke yanke hukunci

A cikin kayan kiɗan Hausa babu wanda ya yi kama da jita mai feda a aikace kamar kalangu. Fata biyu ne a bakuna biyu, tsarkiya ta haɗa su. Makaɗi ya matse tsarkiyar a hammata, fata ta ɗaure, murya ta hau. Ya saki, ta sauka. Abin da ɗan Amurka ke yi da ƙafa da gwiwa, shi Bahaushe yake yi da damtse, kuma da haka kalangu yake kiran sunan mutum da kirarinsa.

Matsalar ma iri ɗaya ce. Kangon kalangu yana shan matsa daga kowane ɓangare. Idan masassaƙi ya fafe shi ya yi fale-fale da yawa, zai tsage ko ya riƙa shanye amo. Idan ya bar shi da kauri, ramin cikin ya ƙuntata, murya ta toshe, kafaɗa kuma ta gaji. Kalangu asalinsa kiɗan mahauta ne, kiɗan kasuwa da dandali da filin dambe, inda makaɗi yake wuni a tsaye ko yana tafe. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya karaɗe ƙasar Hausa da maƙwabtanta da makaɗan kalangu, abin da ba zai yiwu da tambari ba ko da al'ada ta yarda.

A nan ne zaɓin ice yake da muhimmanci. Ƙirya tana da tauri da nauyi, shi ya sa ake sassaƙa turmi da ita, maƙera kuma suke son gawayinta. Alilliba ba ta kai ta nauyi ba ko kusa, tana da sauƙin sassaƙa, tana kuma amsa bugu, abin da ya sa ta yi suna wajen yin ganguna a sassa da dama na Afirka. Fata kuma akasin kango ce: gwargwadon laushinta da rashin kaurinta, gwargwadon yadda za ta amsa matsa. Kano, mai daɗaɗɗen tarihin jima da dukanci da fatar jar akuya, ba ta taɓa rasa wannan ɓangare ba.

Akwai kuma wata dabara da ke nuna cewa wurin da aka ajiye nauyi ya fi yawansa tasiri. Masu kotso da taushi, kayan kiɗan da Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina suka shahara da su, sukan shafa wani ɗanƙo da ake kira nake a tsakiyar fata. Ɗan abin da bai cika tafin hannu ba yakan sa fata ta rage saurin kaɗawa, murya ta yi kauri ta kuma fito tas. Ɗan nauyi a tsakiyar fata ya yi abin da kilo biyar a jikin kango ba zai yi ba.

Goge da kuntigi: ƙaramin goro

Kayan tsarkiya na gargajiya ba su da maganaɗisu, don haka jikinsu ne ke tura iska zuwa kunne. A nan rashin nauyi shi ne riba. Goge ƙwarya ce da aka rufe da fatar guza, tsarkiyarsa kuma izgar doki. Ƙwaryar busasshiya ce, ga tauri ga rashin nauyi, fatar kuma tana amsa ko da ɗan motsi ne. Amon kowane bugu ba ya daɗewa, amma da yake goga tsarkiyar ake yi, makaɗi yana ta zuba mata sabon ƙarfi.  Kukuma, wadda Ibrahim Na Habu ya yi fice da ita, ƙanwar goge ce: jikinta ya fi ƙanƙanta, muryarta ta fi siranta, tana ratsa hayaniyar taro.

Kuntigi ne ya kai batun maƙura. Gwangwanin kifi ne da aka lulluɓe da fata, aka saka masa tsarkiya ɗaya. Da shi Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya yi waƙoƙin da suka zaga duniya, har Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Muryar kuntigi ba ta da kauri, amonsa gajere ne, kuma wannan ya dace da mawaƙin da kalmominsa ne jarinsa, domin kayan ba ya danne baki. Lasifika ta cike masa gurbin ƙara. Hausawa sun ce ƙaramin goro ya fi babban dutse.

Kiɗan ƙwarya na mata, wanda Barmani Choge ta ɗaukaka, shi ma yana da nasa darasi. Ƙwaryar da aka kifa a kan ruwa tana fitar da murya mai zurfi, alhali yarinya ma za ta iya ɗaukarta. Ruwan da ke ba ta mazauni a gidan biki ake ɗibarsa, a nan kuma ake zubar da shi.

Fiyano da abin da ake gudun rasawa

Daga tsakiyar shekarun 1990, lissafin ya ɗauki sabon salo a Kano. Ɗakunan naɗar sauti na masu finafinan Hausa suka rungumi fiyanon Yamaha, wanda mutum ɗaya zai ɗauka a hammata ya fitar da amo mai kama da na ganga da sarewa da goge. Yau ma kwamfuta ta ƙara sauƙaƙa abin. Ta fuskar kuɗin mota da sallamar makaɗa, babu gasa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Amma akwai abin da bai shiga na'urar ba. Amon da aka naɗa yana fita iri ɗaya kullum, kalangu kuwa yana sauya murya gwargwadon sunan wanda ya shigo fili. Haka nan tambarin da aka ji ta lasifika bai zama tambari ba, domin darajarsa tana tattare da wurin da yake da wanda aka kaɗa dominsa. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta saka hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taskacewa. Dawakai da alkyabbu ne suka fi ɗaukar ido, amma hawan yana tsaye ne har da masassaƙa da majema da maƙeran da ke samar da kayan busa da kiɗa.

Itatuwan su ma suna ƙaranci. Gawayi da itacen girki da faɗaɗa gonaki sun cinye manyan bishiyoyi a kewayen birane. Maɗobiya, wadda ake sassaƙa ganguna da ita a Yammacin Afirka, an yi ta kwasar ta zuwa China har aka saka ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu daga 2017. Masassaƙin da bai samu babban gungume busasshe ba zai yi aiki da ɗanye ko ƙarami, ɗanyen ice kuwa nauyinsa ruwa ne, da ya bushe sai ya tsage.

Abin da mai saye zai duba

Ɗan kasuwar da ke sayen kalangu a Kasuwar Kurmi domin kai wa wata ƙasa, da jami'in da aka ɗora wa sayo kayan kiɗa ga makaranta ko ƙungiyar raya al'adu, suna iya amfana da ƙa'idoji kaɗan. Na farko, a tambayi inda za a kaɗa kayan: a zaune a wuri ɗaya, ko a kan dabba, ko a kafaɗa. Amsar ita ce ke nuna nauyin da za a iya lamunta. Na biyu, a ƙwanƙwasa kango da yatsa. Busasshen ice mai kyau yana amsawa da amo mai kaifi, ɗanye kuwa sai a ji shi dum. Na uku, a bambance kayan ado da kayan aiki. Kalangun da aka cika da fenti da tuntaye domin baƙi yana iya yin kyau a bango, ya kuma kasa magana a hammata. Na huɗu, a bar wanda zai yi amfani da kayan ya rataya shi na ɗan lokaci kafin a biya, musamman idan ɗalibai ne ko dattawa, domin jiki magayi.

Makaɗan jita mai feda da yawa da suka manyanta sun koma ƙira mai wuya ɗaya da ƙaramar na'urar sauti, suka bar tsofaffin masu nauyi a gida ko a ɗakin naɗar sauti, inda ba sai an ɗaga su ba. Tsarin da fadar Kano ta daɗe a kai ke nan: mai nauyi ya zauna inda muryarsa ke da aiki, marar nauyi ya bi jama'a. Kayan kiɗan da ya fi ƙarfin mai shi, komai zaƙin muryarsa, a ɗaki zai ƙare, babu mai jin sa.